Hular Ƙarya a Wasan Dungeons & Dragons

Akwai wani wasa da ya fito daga Amurka a shekarar 1974, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙago, sunansa Dungeons & Dragons. A kewaye da tebur ake yinsa, kayan aikinsa kuwa takarda ne da fensir da 'ya'yan ludo, shahararre a cikinsu mai fuska 20. Mutum ɗaya shi ne jagora, yana jan labari kamar mai tatsuniya. Sauran kuwa kowa ya ɗauki tauraro guda, wani jarumi, wani ɓarawo, wani matsafi, yana faɗin abin da tauraronsa zai aikata. In abin mai wuya ne sai a jefa ɗan ludo a ga ko ya yi nasara. Ba a sa kuɗi, kuma sihirin da ke ciki bai wuce bakin masu wasa ba, kamar dai layar zana a bakin mai ba da labari.

To, akwai wata dabara da masu wasan ke yi wadda nake so in bayyana, watau ɓoye baiwar tauraro a bayan kayan sihiri na jabu.

Bari mu ɗauki misali. A cikin duniyar Eberron, wadda Keith Baker ya tsara aka buga a 2004, akwai wata al'umma ta masu rikiɗa. Ɗayansu yana iya sake fuska da murya ya koma kamannin wani mutum. Irin wannan baiwa ba ta jawo farin jini, gama wa zai amince da baƙon da zai iya zama kowa? Ga shi kuwa a cikin littattafan wasan akwai wata hula ta ɓad da kama, wadda kowa zai iya amfani da ita. Sai mai rikiɗa ya sayi tsohuwar hula a kasuwa, ya riƙa taɓa ta duk sa'ad da zai sake kama. Masu kallo su ce aikin hula ne. In maƙiya suka kama shi, hular za su ƙwace su jefa shi kurkuku, hankalinsu kwance, alhali kuwa baiwar tana nan a jikinsa.

Amma ƙarya tana son dawainiya. Bisa dokokin bugu na biyar, na 2014, akwai wani tsafi da ke nuna duk abin da ke da sihiri a cikin tazarar ƙafa 30. Da an yi shi, hular kasuwa za ta fito fili a matsayin tsumma. Maganin wannan shi ne wani tsafi mai ɗauke da sunan Nystul, wanda ke shafa wa abin banza alamar sihiri har awa 24. In aka maimaita shi kullum har kwana 30, alamar ta zauna ke nan sai an warware ta. Watau ko dai tauraron ya koyi tsafin, ko ya biya wani matsafi, sa'an nan ga mutum guda da ya san asirinsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, hular gaske da rikiɗa ba aiki ɗaya suke yi ba. Hular gaske rufa ido take yi: tana sake kamannin mutum har da tufafinsa, amma in ta ƙara masa teɓa ka kai hannu, iska za ka taɓa kafin ka iske cikinsa. Mai rikiɗa kuwa naman jikinsa ne ke sakewa, tufafinsa suna nan yadda suke. Saboda haka ɗan wasa mai lura zai iya tambaya: ina dalilin da mai hular nan yake yawo da jakar riguna? Ya kuma aka yi na ja gemun nan na ji shi a hannu? Lalle a nan daɗin wasan yake, domin an bar wa mai hankali sawun da zai bi.

Sai kuma ranar da aboki ya ce a ara masa hular. Doka ta ba maƙaryacin 'yar mafaka, gama hular gaske ba ta aiki sai mutum ya zauna da ita kamar awa guda ta saba da shi, in kuwa ta saba da wani, ta rabu da na farko. Yana iya fakewa da wannan sau ɗaya ko sau biyu, bayan haka sai an jefa ɗan ludo, iya ƙaryarsa ta kara da basirar mai tambaya.

Wa ake ruɗa? Wannan ita ce tambayar da ke ɓata zumunci in ba a kula ba. Jagora dai ba a ɓoye masa kome, domin shi ne alƙali, dole ya san abin da ke rubuce a takardar kowa. Abokan wasa kuwa, a nan ra'ayi ya rabu. Wadansu suna son a rufe su ruf, don su sha mamaki ranar da asiri ya tonu. Ni a ganina ya fi kyau mutanen da ke zaune a tebur su sani, taurarinsu ne kawai za su zauna cikin duhu. Dalilina shi ne, ana iya shafe watanni ana labari ɗaya. In 'yan wasa suka tsara yaƙi suna dogara da cewa kowa zai iya sa hular, aka zo tsakiyar faɗa ta ƙi aiki, wani zai yi hasarar tauraron da ya daɗe yana reno, kuma fushinsa ba a kan takarda zai tsaya ba. Wanda ya nace sai ya rufe abokansa, to, ya shirya da jagora tun farko a kan lokacin da za a kware hular, kada ya bari sai an kai bakin kogon dodo.