Ko Kun Sani? Fim Ɗin da Kotu Ta Ce a Lalata

A 1925 wata kotu a Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafin fim ɗin Nosferatu na 1922, wato wanda Robert Eggers ya sake shiryawa a 2024. Laifinsa satar fasaha. Kamfanin Prana Film ya ɗauki labarin littafin Dracula, wanda Bram Stoker ya fitar a 1897, ba tare da izini ba, ya raɗa wa dodon mai shan jini suna Orlok, ya kwashe labarin daga Ingila ya kai Jamus. Florence, matar marigayi Stoker, ba ta ruɗu da sauyin suna ba. Ta kai ƙara, ta kuma yi nasara, sai dai wasu kwafin sun riga sun tsallaka ƙetare, su ne suka tsira.

Fim ɗin satar nan ne ya yaɗa cewa hasken rana yana hallaka mashayin jini. Dracula na littafi yawonsa yake yi da rana, ƙarfinsa kawai ke raguwa. Eggers ya bar hasken rana yana hallaka dodon, amma ya liƙa wa Bill Skarsgård, wanda ya fito a matsayin Orlok, gashin baki mai kauri, wanda ya ba wasu 'yan kallo dariya maimakon tsoro. Mutumin Gaya ko Ajingi, da ya tashi da labarin maye mai kama kurwa yana zaune lumui cikin jama'a, zai ga wannan dodon ya cika tallata kansa: farata zaƙo-zaƙo, numfashi kamar zugazugin maƙera.