Manya Na Sauya Sheƙa, Talaka Na Gaba Da Maƙwabcinsa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Najeriya, kalmar da 'yan siyasa suka fi cika mana kunne da ita ita ce biyayya. A filin gangami da gidajen rediyo, ta bakin sojojin baka da mawaƙa, ana ce wa mai zaɓe ya yi "sak", wato ya dangwala wa jam'iyya ɗaya tun daga kujerar shugaban ƙasa har zuwa ta majalisar jiha, ba tare da ya tambayi wane ne ɗan takarar ba. Wanda ya ce zai duba cancanta, ya yi zaɓen da ake wa laƙabi da shinkafa da wake, sai a kira shi maci amana. Ya kamata kowa ya lura da abu guda: wannan biyayyar daga talaka kaɗai ake nemanta. Masu nemanta ba sa yi wa jam'iyyar irinta, kuma tarihinsu a fili yake.

A watan Nuwamba na 2013, gwamnoni biyar na PDP suka tsallaka zuwa APC: Rabi'u Musa Kwankwaso na Kano, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. A 2018 Kwankwaso da Abdulfatah Ahmed suka koma PDP, haka ma Aminu Tambuwal da Bukola Saraki, sannan a 2022 Kwankwaso ya koma NNPP. Malam Ibrahim Shekarau ya fito daga ANPP zuwa APC, ya koma PDP a 2014, ya dawo APC a 2018, ya shiga NNPP a 2022, kafin shekarar ta ƙare ya sake komawa PDP. Atiku Abubakar ya yi takarar shugaban ƙasa a AC a 2007, ya nemi tikitin APC a 2014, ya riƙe tutar PDP a 2019 da 2023. Ba a kawo sunayen nan don a aibata kowa ba, domin babu wata babbar jam'iyya da ba ta karɓi masu sauya sheƙa da kiɗa da rawa ba. An kawo su ne don mai karatu ya tambayi kansa: tsawon waɗannan shekaru, wace aƙida ce ta canza? A wurin manya jam'iyya motar haya ce, ana hawa idan ta nufi inda ake so, a sauka idan ta kauce. Talaka ne kawai aka koya wa ya ɗauke ta kamar addini.

Doka ma ba ta iya tare wannan ɗabi'ar ba. Sashe na 68 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi zai rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta haɗe da wata. Ta wannan 'yar kafa ake sulalewa, don kuwa ba a rasa rikicin da za a fake da shi. Gwamna kuma babu ma tanadin da ya raba shi da kujera idan ya sauya sheƙa. Ga shi tsarin mulkin bai ba da damar tsayawa takara ba jam'iyya ba, kuma a takardar zaɓe alamar jam'iyya kawai ake gani, tsintsiya ko lema ko waninsu, babu sunan mutum. Wannan ne ya sa ainihin zaɓen yakan gudana tun a fidda gwani, inda aka sha ganin daliget ƙalilan sun yanke hukunci, kuma mai kuɗi ne kaɗai ke iya shiga fage. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Idan an gama cinikin a sama, sai a zo wa talaka da kiran "sak" don kada ya tsaya bincikar hajar da aka kawo masa.

Abin da ya fi ciwo shi ne wanda ke biyan farashin. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2011, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, kuma a Bauchi har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da aka tura aikin zaɓe. 'Yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi, 'yan ƙalare a Gombe, duk 'ya'yan talakawa ne da ake ɗirka wa ƙwaya, a miƙa musu adda da gora, a jefa su bayan motar kamfe suna ihu. Idan an rantsar da mai gida, ba a sake waiwayarsu sai wani zaɓen, idan ma ba gidan yari suka ƙare ba. A unguwanni kuma ana ganin wa da ƙani sun daina gaisawa, an ƙaurace wa majalisar hira saboda bambancin hula, alhali iyayen gidan da ake faɗan dominsu suna haɗuwa a ɗaurin auren 'ya'yansu suna raha.

Wani zai ce ai dimokuraɗiyya ba ta yiwuwa sai da jam'iyya, kuma da juriyar magoya baya aka kafa tarihin NEPU da PRP. Wannan gaskiya ne, amma a duba abin da mutanen wancan zamani suka yi wa biyayya. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta tsaya ne kan 'yantar da talaka daga zaluncin hukumar En'e, kuma mutane sun sha duka da ɗauri a kan wannan manufar. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa sun soke haraji da jangali kamar yadda aka alkawarta. Da Rimi ya koma NPP a 1983, sai da ya ajiye kujerar gwamna. Biyayya ce ga manufa da alkawarin da ake iya aunawa. Jam'iyyar da ba ta iya faɗa maka abu uku da suka bambanta ta da abokiyar hamayyarta ba ta da haƙƙin neman irin wannan sadaukarwa.

Wani kuma zai ce idan gwamna na wata jam'iyya, majalisa na wata, aiki zai tsaya, ya kafa hujja da yadda majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa har ta tsige shi a 1981. To amma wannan misalin shaida ne a kan illar makauniyar biyayya, domin umarnin jam'iyya 'yan majalisar suka bi. Kuma majalisar da guguwa ta kwaso, wadda mambobinta suka shiga a rigar wani, ita ce ke zama 'yar amshin shata, ta amince da kasafi da ciyo bashi ba tare da tambaya ba. Shi kuwa mai cewa duk ɗaya ne, gara ya karɓi taliya da 'yan kuɗi ko ya kwanta a gida, ya tuna cewa a 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma kimanin miliyan 25 kawai suka fito zaɓen shugaban ƙasa. Ƙarancin masu fitowa ne ke rage wa mai sayen ƙuri'a tsada. Kuma ƙuri'a na aiki: Bello Matawalle ya zama gwamnan Zamfara a PDP a 2019, ya koma APC a 2021, a 2023 mutanen jihar suka kayar da shi, suka zaɓi Dauda Lawal.

Saboda haka babu laifi mutum ya so jam'iyya, ya riƙe katinta, ya yi mata aiki, amma ya sa sharaɗi. Kafin ka dangwala, ka san sunan wanda ke bayan kowace alama a kowace kujera, ka tambayi abin da ya yi a baya, ka duba makaranta da asibiti da rijiyar mazaɓarka. Iyaye su hana 'ya'yansu bangar siyasa, malamai su daina mayar da mumbari dandalin kamfe. Jama'a, kada mu yanke zumunci saboda mutanen da gobe za mu iya ganinsu a inuwa ɗaya. Ƙuri'arka amana ce a hannunka, ka ba wanda ya cancanta, ka kuma karɓe ta bayan shekara huɗu idan ya gaza.