Wane ne gwanin gwanaye? Yadda ake auna mawaƙi daga Gidan Rumji zuwa Gazawa

A farkon watan Janairun 2023, mujallar Rolling Stone ta Amurka ta fitar da jerin mawaƙa 200 da ta ce su ne suka fi kowa iya waƙa a tarihin kiɗan zamani. Aretha Franklin ce ta zo ta ɗaya, Whitney Houston na biye da ita, sai Sam Cooke a matsayi na uku. Daga Najeriya an saka Fela Kuti a lamba ta 188 da Burna Boy a ta 197. Ummu Kulsum ta Masar da Lata Mangeshkar ta Indiya ma sun samu shiga.

Jerin ya tayar da ƙura. Masoyan Celine Dion har tattaki suka yi zuwa ofishin mujallar a birnin New York saboda an bar gwanarsu a waje. Sai dai akwai wani giɓi da ba wanda ya yi zanga-zanga a kansa: babu mawaƙin Hausa ko ɗaya a ciki, haka kuma babu ɗan Nijar.

A garuruwan da ke kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 a jihar Maraɗi, tun daga Gidan Rumji ta yamma har zuwa Agye da Gazawa ta gabas, wannan rashi bai hana kowa barci ba. Musun wanda ya fi wani a waƙa tsohon abu ne a nan, ana yin sa a fada wajen shan shayi da tashar 'yan kabu-kabu da gidajen biki. Ma'aunin ne dai ya bambanta da na Turawa. Kuma idan aka bi sunayen da musun ke kawowa, za a ga wani abu da ya kamata ya dami mutanen yankin: kusan duk wanda ya yi fice sai da ya bar gida, kuma muryoyin waɗanda suka rasu na neman ɓacewa.

Ma'aunin da aka gada

Masu jerin Amurka sun duba yadda mawaƙi ke amfani da muryarsa da tasirinsa a kan na bayansa. Bahaushe ma yana son murya, amma ba ita kaɗai yake saurare ba. Yana duba azanci, wato yadda mawaƙi ke sarrafa magana. Yana duba ko zai iya ƙirƙirar baiti nan take a gaban jama'a, ko ya san asalin wanda yake wasawa, ko habaicinsa na cizo ba tare da ya kama suna ba.

Shi ya sa har gobe idan dattawa suka shiga musun, sunan Mamman Shata ne ke fara fitowa. Haifaffen Musawa ne a jihar Katsina, ya rasu a 1999, amma kalangunsa bai san iyaka ba. Sai Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da ya rasu a 2015. A gundumar Gidan Rumji, inda garin Tsibiri yake da fadar Sarkin Gobir, Ibrahim Narambaɗa na da matsayi na musamman, domin shi mawaƙin Sarkin Gobir na Isa ne, kuma Gobirawan ɓangarorin biyu 'yan uwan juna ne tun kafin Faransa da Ingila su ja layi a tsakaninsu.

Filin kokawa ma wata makaranta ce. Tun da aka fara gasar takobin ƙasa a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, makaɗan 'yan kokawa irin su Sagalo suka zama muryar da ƙasa baki ɗaya ta sani. A can, gwani shi ne wanda kirarinsa zai sa ƙato ya miƙe tsaye yana tsuma.

Sa'adu Bori: ɗan gida da ya kai Landan

Idan aka zo kan kiɗan zamani mai jita da ganga da sarewar Turawa, sunan da jihar Maraɗi ke tinƙaho da shi shi ne Sa'adu Bori. Ya ɗauko kiɗan bori, wanda ƙasar Maraɗi da Gobir suka daɗe da sani, ya ɗora shi a kan kayan kiɗan zamani, ya gauraya da salon rege. Abin da wasu ke ɓoyewa a bayan gari shi ya kai shi dandali.

A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da faifan Niamey Twice, wanda Sa'adu Bori ya yi tarayya da Moussa Poussy. Yana cikin faya-fayan farko na kiɗan zamanin Nijar da suka shiga kasuwar duniya, shekaru da dama kafin Turawa su san sunan Bombino. A arewacin Najeriya ma kasakasansa sun yi kasuwa sosai.

Ya rasu a hatsarin mota kusa da Maraɗi a 2008. Yau matashin da aka haifa bayan rasuwarsa zai iya jin amshin waƙarsa a bakin iyayensa, amma idan ya nema a intanet, abin da zai fi samu shi ne bidiyo mai dishi-dishi da wani ya kwafo daga tsohon kaset.

Mata biyu, hanya biyu

A ɓangaren mata, Maraɗi ta haifi muryoyi biyu da kowacce ta bi tata hanya.

Ta farko ita ce Hamsu Garba, wadda wasu ke kira Habsu. An haife ta a Maraɗi a 1958, ta taso a zamanin ƙungiyoyin Samariya na mulkin Janar Seyni Kunce, lokacin da gwamnati ke haɗa matasan jihohi gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Ta zauna a Yamai, ta kafa ƙungiyar Annashuwa a 1991. Duk da shekarun da ta kwashe tana waƙa, faifanta na farko mai suna Gargaɗi bai fito ba sai a 2008, abin da ke nuna irin wahalar da mawaƙin Nijar ke sha kafin ya samu ɗakin ɗaukar murya.

Hamsu ba ta tsaya kan waƙar biki ba. Ta yi waƙa kan auren dole da zaman ƙasa da siyasa. A watan Fabrairun 2016, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa, an kama ta aka tsare a gidan yarin Yamai na wasu kwanaki saboda goyon bayan da take bai wa ɗan adawa Hama Amadu. Ta rasu a watan Disamban 2022. Ga masu cewa girman mawaƙi na tare da abin da ya yarda ya rasa saboda bakinsa, ita ce hujjarsu.

Ta biyu ita ce Binta Labaran, wadda duniya ta sani da Fati Nijar. Ita ma haifaffiyar Maraɗi ce, amma maimakon Yamai sai ta nufi Kano, inda masana'antar fina-finan Kannywood ke neman muryoyin mata. Ta rera ɗaruruwan waƙoƙi, har ake mata laƙabi da Gimbiyar Mawaƙa. Sau da yawa mai kallo na ganin fuskar jaruma ce a fim, alhali muryar da ke ratsa shi ta 'yar Maraɗi ce.

Dukkansu sun taka sawun Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan ƙwarya da ta rasu a 2013, wadda ta shafe rayuwarta tana kiran mata su kama sana'a. Har yanzu a ƙauyukan Agye da Gazawa, ranar buɗar kai ko suna, mata kan kifa ƙwarya a ruwa su yi nasu kiɗan a cikin gida. A nan ne yawancin muryoyin mata ke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Kalmar zabiya har yau tana da nauyi a kunnen iyaye da yawa, kuma yarinyar da aka aurar tana ƙarama da wuya a sake jin muryarta a wajen zaure. Ba wanda ya san adadin irin su Hamsu da aka rasa ta wannan hanya.

Kano ce ke riƙe da kunnen matasa

Duk wanda ya zauna rabin sa'a a shagon cajin salula a Cadawa ko Gangara ko Cadakori zai gane inda iskar ke kaɗawa. Abin da ake turawa a memori galibi daga Kano da Kaduna yake: Nura M. Inuwa, Umar M. Sharif, Ali Jita, Ado Gwanja, Naziru Sarkin Waƙa, da Hamisu Breaker wanda waƙarsa Jaruma ta mamaye wayoyi a 2020, lokacin zaman gida na korona. Idan kakar siyasa ta zo, sai a ji Dauda Kahutu Rarara, duk da cewa zaɓen da yake yi wa waƙa ba na Nijar ba ne.

Dalilan a fili suke. Harshe ɗaya ne. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya tafiyar 'yan sa'o'i ce, alhali Yamai na da nisan fiye da kilomita 600. Matasan da ke tafiya ci-rani bayan an cire gero da gyaɗa da aya sukan dawo da sababbin waƙoƙi a aljihu. Ko lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, buhun masara ne ya kasa wucewa. Waƙa ta ci gaba da ƙetarowa ta WhatsApp da TikTok.

Wannan kusanci alheri ne, amma yana da tsada. Matashin Gazawa mai murya yana girma da tunanin cewa sai ya kwaikwayi Kano kafin a saurare shi. Karin harshen Gobir da na Katsinan Maraɗi, da kalmomin da ba a ji sai a nan, sukan faɗi a hanya.

Jita daga arewa

Ga 'yan ƙasar da ke zaune a Faransa ko Beljiyam ko Amurka, labarin daban ne. Idan Bature ya ce ya san kiɗan Nijar, to jitar Abzinawa yake nufi. Bombino na Agadas ya yi faifan Nomad a 2013 tare da Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys, sannan faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy. Mdou Moctar kuwa, tun bayan fitar Afrique Victime a 2021, jaridun Amurka ke lissafa shi cikin manyan makaɗan jita na wannan zamani. Akwai kuma Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, mace mai kaɗa jita a fagen da maza suka mamaye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Sakkwato Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a 2008, da irin na'urar gyara murya da mawaƙan fina-finan Hausa ke amfani da ita. Waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji su, ya saka ɗaya a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, sannan ya bi sawun mai muryar har ya same shi.

Ma'ana, hanyar da ta kai shi manyan dandalin duniya ta faro ne daga irin shagon turin waƙar da ke kowace kasuwa tsakanin Gidan Rumji da Gazawa. Bambancin kawai, shi ya samu wanda ya ɗauki aikinsa da daraja, ya rubuta sunansa a jiki, ya biya shi.

Wa zai adana, wa zai biya?

A nan ne gizo ke saƙar. Mai shagon turi yana karɓar kuɗinsa, kamfanin salula yana cin kuɗin data, amma mawaƙin ƙauye ba ya ganin ko dala. Nijar na da hukumar kare haƙƙin mallaka ta BNDA, tana da cibiyar horar da makaɗa mai sunan Elhaji Taya a Yamai, an kuma daɗe da kafa gasar Ɗan Gurmu domin zaƙulo gwanaye. Sai dai duk waɗannan sun fi kusa da mazauna babban birni. Mawaƙin gunduma ya dogara ne da liƙin biki da kyautar 'yan siyasa, kuma mai cin abincin wani dole ya yi waƙar wani.

A ɓangaren Gidan Rumji da ke maƙwabtaka da jihar Sakkwato, matsalar 'yan bindiga ta ƙara dagula lamarin. Tun 2019 yankin ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Najeriya, kuma inda ake kwana da fargaba ba a cika raba dare ana kiɗa ba. Idan biki ya ragu, makaɗi ne farkon wanda tukunyarsa ke hucewa.

Sai batun adana. Muryoyin shekarun 1970 da 1980 da dama suna kan tsofaffin faya-fayan gidan rediyon Muryar Sahel da kasakasan da ke cikin akwatunan dattawa. Zafi da ƙura ba sa raga wa kaset. Malam Maman Barka, wanda ya je har gaɓar tafkin Cadi ya koyi kiɗan biram don kada ya mutu, shi ma ya rasu a 2018. Duk dattijon makaɗin da aka binne ba a ɗauki muryarsa ba, an binne shi ne da kirarin garuruwa da sunayen zuriyoyi da ba a rubuta a ko'ina ba.

Aikin ba ya buƙatar jiran gwamnati. Wayar da ke hannun kowane matashi a yau ta fi na'urar da aka ɗauki Narambaɗa da ita ƙarfi nesa ba kusa ba. Gidajen rediyon al'umma na iya ware sa'a guda a mako ga mawaƙan gundumarsu. 'Yan ci-rani da ke tura kuɗin biki gida na iya ɗaukar nauyin shigar da mawaƙi ɗaya situdiyo, ko mayar da kasakasan gidansu zuwa kwamfuta tare da rubuta sunan mai waƙa da garinsu da shekarar da aka yi ta.

Musun gwanin gwanaye ba zai ƙare ba, don kowa da nasa. Dattijo zai ce Shata, uwa ta ce Barmani ko Hamsu, matashi ya ce Breaker, na ƙetare ya ce Mdou Moctar. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da ya rage wa mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji shi ne su tabbatar jikokinsu sun samu bakin mai ita, idan lokacin nasu musun ya zo.