Albashin Landan a ma'aunin Ƙala'at an-Nahal

Da an gama yankan riɗi a nan Ƙala'at an-Nahal, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, hira biyu ce ke cin kasuwa a rumfunan shayi: nawa ƙintarin riɗi ya kai a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, da kuma nawa dala ta kwana. A 'yan shekarun nan an samu ta uku, wato nawa ɗan gidan wane yake ɗauka a Turai. Wani zai zaro waya ya buga albashin yaron sau farashin canji, a ga sifiri sun jeru kamar buhuna a kan lori, sai wurin ya yi tsit. Daga nan wani uban zai koma gida yana kallon ɗansa da ke kan karon jaki yana ɗibar ruwa, yana ganin kamar asara ce zamansa.

Ga 'yan'uwa masu karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, garinmu yana kudu maso yammacin birnin Gadarif a gabashin Sudan, ƙasar baƙar laka da dawa da riɗi da ƙaro, a kan tsohon layin dogon da ya haɗa Kasala da Sinnar. Kakanninmu hanyar Hajji ce ta kawo su, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo sawun Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Ka ga tafiya ba baƙuwarmu ba ce, kuma ba ni da bakin cewa kada kowa ya fita nema. Lissafin da ake yi kafin a fita ne nake so mu zauna a kai.

Kuɗinmu a nan jine muke ce masa, don kada a rikita shi da fam na Ingila. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, dala ɗaya ba ta wuce jine 600 ba. A 2025 ta haura 3,000 a kasuwar bayan fage, fam ɗin Ingila kuwa ya haura 4,000. Ga shi har yau dattawanmu da tsohon kuɗi suke ƙirge, na kafin canjin 2007 da aka zubar da sifiri uku, shi ya sa miliyan ɗaya suke ce mata miliyar. To a ce wa irin wannan dattijon ɗan maƙwabcinsa yana ɗaukar miliyar takwas duk wata, ina barci zai zo masa?

Miliyar takwas ɗin gaskiya ce, a takarda. Ina da ɗan ƙane a gabashin Landan, yana aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, kuma na sa shi ya karanto mini lissafinsa layi-layi kamar yadda nake sa yaron shagona. Mafi ƙarancin ladan da doka ta yarda a biya mai shekara 21 zuwa sama a Birtaniya, a Afrilun 2025, fam 12.21 ne a awa. In mutum ya samu awa 40 kowane mako, a shekara ya tashi da kusan fam 25,400, wato wajen 2,100 a wata. Wannan adadin ne ke isowa rumfar shayi. Amma kafin ya shiga hannunsa gwamnati ta riga ta yanki nata: fam 12,570 na farko a shekara babu haraji, abin da ya hau kai kuma ana cire kashi 20 cikin ɗari, sannan kashi 8 na inshorar ƙasa. Abin da ke faɗawa asusunsa wajen fam 1,800 ne.

Sai haya. Matsakaicin kuɗin hayar gida a Landan ya haura fam 2,000 a wata, ya fi albashin nasa gaba ɗaya, saboda haka maganar gida ba ta ma taso ba. Ɗaki ɗaya yake haya a gidan da su biyar suke raba bayi ɗaya da madafi ɗaya, yana biyan fam 800, kuma abokansa suna ce masa ya yi sa'a. Kafin ya shiga sai da ya ajiye kuɗin jingina, wanda doka ta yarda ya kai hayar mako biyar, ban da hayar watan farko. Ranar ɗaya ga wata banki ke zare kuɗin da kansa. Babu zancen "Alhaji a yi mini haƙuri zuwa kaka".

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa hayar nan ba ta shiga kanmu, kuma ina ganin na gano. Yawancinmu a Ƙala'a ba mu taɓa biyan haya ba. Mutum yana cikin gidan da ubansa ya kewaye, in ɗa ya yi aure a kira gayya a ɗaga masa guttiya, bukkar nan mai tsinin kai da aka san ƙasar Gadarif da ita. Dawar shekara tana cikin matmura, rumbunmu na cikin ƙasa. Abin da ke cin aljihunmu shi ne ruwa, don garin duwatsu ne kuma da hafirai sun ƙafe da rani sai abin da mai karo ya yanka maka, sai sukari, mai, magani, da man tarakta. Idan muka ji albashin wani, a kan irin wannan rayuwar muke ɗora shi, rayuwar da wurin kwana kyauta ne. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Amma ai mun ga samfurin abin a ƙofar gidanmu. Lokacin da Madani ta faɗi a Disambar 2023, sannan Sinja a ƙarshen Yunin 2024, jama'a suka kwararo Gadarif, dubbai a kan dubbai, a kan waɗanda suka riga suka zo daga Hartum. Makarantu suka koma wurin kwana. Haya ta yi tashin da ba a taɓa gani ba, masu gidaje suna neman kuɗin watanni a dunƙule, wasu ma da dala suke yanka farashi. Na ga ma'aikata masu albashi, mutanen da a da in sun zo shagonka sai ka miƙe tsaye, suna tambayar nawa ne rabin malwa na dawa, saboda ɗaki biyu sun cinye abin da suke samu. Dawa ba ta yanke a Gadarif ba, ƙasar da tun shekarun 1940 ake noma da inji a Gadambaliya. Wurin sa haƙarƙari ne ya gagara. Abin da Gadarif ta ɗanɗana na wata goma sha, shi ne zaman Landan na kullum, sai dai can akwai wuta da ruwan famfo, ba a kuma jin ƙarar bindiga, wanda ba ƙaramin abu ba ne.

Mu koma kan yaron. Bayan haya saura fam 1,000. Motar bas fam 1.75 ce shiga ɗaya, zuwa da dawowa na kwana 22 ya kama fam 77, in bai hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, wanda ya fi tsada. Abinci, in shi zai dafa da kansa ya kuma sayi naman halal sau biyu a mako, yana cin wajen 250. Waya, wanki, aski, sabulu, rigar sanyi da takalmin aiki, don a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi kuma sanyin ba irin na hunturunmu ba ne. In wata ya yi kyau, yakan tsira da fam 500.

Kada in rage wa abin daraja. Fam 500 jine miliyan biyu ne da ɗoriya, kuma a gidan ƙanena kuɗin yaron nan ne ya sayi maganin sukarin tsohuwa a watannin da komai ya tsaya. Amma rubu'in abin da ake faɗa a rumfa ne, kuma da sharaɗin ya samu awa 40 ɗin cif. Da yawa daga cikin ayyukan da baƙo ke samu, kamfani ba ya yi maka alkawarin awa ko ɗaya: wannan makon a kira ka kwana shida, mako mai zuwa kwana biyu. In ya kwanta ciwo, kuɗin jinya na doka a 2025 fam 118.75 ne a mako, bai kai ko kuɗin ɗakinsa ba. Tsadar kaya ma ba ta bar su ba. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, suka yi ta kuka. Mu da muka ga sama da kashi 300 a 2021 dariya abin ya ba mu, amma mai biyan haya ba ya dariya.

Duk wannan lissafin mai takarda ne. Wanda ya bi ta Libiya ya haye teku zuwa Italiya, ya ratsa Faransa ya shiga ƙaramin jirgin roba, da ya isa sai ya nemi mafaka, kuma a ƙa'ida ba a ba shi izinin aiki yana jiran hukunci. Ana ba shi wurin kwana da fam 49.18 a mako. Jiran kan ɗauki watanni, wani ya haura shekara. A tsawon lokacin nan gida ana jiran saƙon Bankak, ga bashin tafiya, ga gonar da aka jinginar, wani ma an sayar da tarakta an biya masu garkuwa a Libiya kafin su sake shi. Ranar da takardar ta fito kuma, makonni kaɗan ake ba shi ya bar masaukin gwamnati ya nemi ɗaki da kuɗin jinginar da ba shi da su.

Abin da ya fi taɓa ni, tunda mujallar iyali ce wannan, shi ne maganar mata. Tun Afrilun 2024, mazaunin Birtaniya da ke son ɗauko matarsa daga waje sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara. Ku duba can sama: mai mafi ƙarancin lada, ko bai yi fashin rana ɗaya ba, 25,400 yake tashi da shi a lissafin 2025. Akwai wata ƙofa ta daban da aka buɗe wa masu takardar gudun hijira su haɗu da iyalansu, ita ma a Satumban 2025 gwamnati ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu. Ko da an ba shi izinin, ɗaki ɗaya a gidan gwauraye ba wurin ajiye mace ba ne, gida mai ɗaki da falo kuwa ya haɗiye fam 500 ɗin har ya nemi ƙari. A unguwarmu akwai yaran da aka ɗaura wa aure ta waya, an kai lefe, an yi walima, amarya tana ɗakin uwar miji shekara ta uku. Iyayenta sun ga miliyar takwas suka bayar.

Shi ma yaron ba a bar shi ya huta ba. Ya ce mini, "Baffa, wallahi in na ga lambar Sudan gabana faɗuwa yake yi. Kowa da tasa: wannan suna, wannan biki, wannan waya yake so irin ta wane. In na ce babu, sai a ce na zama Bature." Na ce masa laifin har da nasu, su masu tsayawa gaban motar mutane su ɗauki hoto su sa a Facebook. Ya yi dariya ya ce, "To Baffa, hoton bayin da muke layi zan turo wa Inna?" Bayan ya tashi daga ɗakin ajiya yakan hau keke yana kai wa mutane abinci gida-gida har tsakar dare, daga nan ake cike giɓin bikin 'yan'uwa.

Da muka zauna da mahaifinsa, abin da na kawo shawara a kai ya fito ne daga sana'ata. Duk ɗan kasuwar ƙasar nan ya san shel: manomi ya ƙare kuɗi a tsakiyar damina, ciyawa ta taso, ma'aikata suna jiran lada, sai ya zo wurin mai shago ya karɓi kuɗi a kan buhunan da bai girbe ba, a farashin da kowa ya san bai kai na kaka ba. Nan ne gidajenmu suke zubar da arzikinsu kowace shekara, fiye da abin da biki ke ci. Kuɗin waje in ya zo a watan Agusta, aikin da yake yi ya ninka na wanda ya zo a Janairu, don ya hana a sayar da riɗi tun yana fure.

Saboda haka muka tsara haka. Kuɗin maganin tsohuwa da na ruwa, wannan duk wata ne, ƙayyadadde, ba ya hawa ba ya sauka. Sauran ya riƙe shi can a fam, kada a juya shi zuwa jine ya kwana yana narkewa, kuma kada ya zauna a waya kaɗai: mun ga yadda layuka suka ɗauke a Fabrairun 2024, mai miliyoyi a Bankak ya kasa sayen sukari, mun kuma ga layin banki lokacin canjin takardun 500 da 1,000 a Disambar shekarar. Sau uku zai turo mai kauri: a Yuni don iri da man tarakta, a Agusta don noman ciyawa, sai Oktoba don masu yankan riɗi, waɗanda ba sa jira ko kwana ɗaya tunda riɗi in ya bushe a tsaye zubewa yake yi. Duk mai wata buƙata a dangi, wurin uban zai zo, ba wayar yaron ba.

Gwaggonsa ta yi fushi, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce. Ƙaninsa mai shekara 19, wanda ya riga ya fara tambayar kuɗin mota zuwa Dongola, na ba shi takardar lissafin ya karanta da kansa, ya ninke ta ya sa a aljihu bai ce komai ba. Bana dai gidan bai ci shel ba, riɗinsu yana ɗaki, suna jiran farashin bayan kaka.