Notin Juye da Ɓarnar Sabon Hannu a Mayo

Juyen baƙin mai shi ne aikin farko da mai babur ke koyon yi da kansa, kuma a nan ne sababbin hannu suka fi yi wa inji lahani. A Mayo da ke kudancin Hartum, inda Hausawa da dama ke neman abinci da babur da raksha (keke mai ƙafa uku), juye a ƙofar gida ya zama ruwan dare, balle tun da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ɗaiɗaita garejoji, kuɗin gyara kuma ya yi tashin gwauron zabo. Yin juyen a gida ba aibu ba ne. Ɓarnar tana faruwa ne wajen mayar da notin da ke ƙasan inji.

Notin nan ƙarfe ne mai tauri, gidan injin da yake shiga ciki kuwa alminiyam ne mai laushi. Idan aka matsa fiye da kima, tiredin gidan ne ke cinyewa, notin ya fito lafiya lau. A ƙananan injuna masu 100cc zuwa 150cc, ɗaurin da ake bukata bai cika wuce Nm 20 zuwa 25 ba, wato abin da hannu ɗaya zai yi da gajeren sifana. Amma sai a ga saurayi ya zura bututu a bakin sifana don ƙarin ƙarfi, wani ya taka da ƙafa, wani ma ya bi da guduma, wai don kada mai ya ɗiga. Alhali ba ƙarfin ɗauri ke hana yoyo ba. Aikin washa ne, wannan ɗan zoben jan ƙarfe ko alminiyam da ke lotsewa ya toshe bakin ramin. Washar da aka ɗaure sau da yawa ta riga ta mutu. Maimakon a sayi sabuwa, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sai a ƙara murɗa noti, a kashe gidan inji saboda rowar zobe.

Akwai kuma ganganci iri biyu da ke tafiya tare da wannan. Na farko, fara ɗauri da sifana tun notin bai hau hanya ba, sai ya shiga a karkace yana yanka sabon tiredi. Da yatsu ake fara murɗa shi har ya zauna. In ya cije tun juyi ɗaya ko biyu, a warware a sake. Na biyu, yar da noti a ƙasa. Yawancin lungunan Mayo ba kwalta, ga ƙurar guguwar habub a lokacinta, kuma notin da ya jiƙe da mai yashi yake kwasa. Mayar da shi ba wanki daidai yake da goga wa tiredi sanfefa.

Alamar ɓarna ba ta ɓuya. Ana cikin ɗauri sai notin ya saki, ya riƙa juyawa ba ya tsayawa, in an ciro shi a ga siririn alminiyam ya nannaɗe a jikinsa. Daga nan ne ake tafka kuskure mafi muni: a naɗa leda ko zare, a shafa gam, a cusa, a hau titi. Injin babur iska ke sanyaya shi, man da ke ciki kusan lita ɗaya ne kacal, zafin Hartum kuwa yakan haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni. Gam ba ya kama wurin da mai ya jiƙa. Ranar da notin ya faɗi a hanyar Omdurman, man zai tsiyaye a kan tayar baya, babur ya zame, injin kuma ya buga. Galibin waɗannan babura ba su da fitilar da ke nuna mai ya ƙare.

Gyaran gaskiya yana farawa da barin injin a kashe. A haska ramin a ga abin da ya rage. In bakin tiredin ne kawai ya ɓaci, ƙarfen yanka tiredi mai girman notin zai iya share hanyar, a bi a hankali. In ya cinye gaba ɗaya, hanya biyu ce: a sa zoben waya irin na Heli-Coil a ci gaba da notin asali, ko a buɗa ramin zuwa noti na gaba, misali daga milimita 12 zuwa 14. Wannan ba aikin koyo ba ne, na masu injin juya ƙarfe ne, domin in ramin ya karkace washa ba za ta ƙara zama daidai ba. A tabbata an shafa giris a jikin ƙarfen yankan don ya kama ɓurɓushi, sannan a zuba ɗan mai ya wanke ciki ya fita kafin a rufe. Walda sai an rasa yadda za a yi, don sai an warware injin.

Injuna samfurin Honda CG da kwaikwayonsu na Sin suna da babban murfi a gefen hagu da ake cirewa wajen juye, da sifirin da rariya a bayansa. Murfin yakan tsage in an matsa. Wajen mayarwa, rariya ke fara shiga, sai sifirin, sai murfi da robarsa. Haka fulogi: sai inji ya huce, a murɗa da yatsu, sabo a ƙara masa kimanin rabin juyi, tsoho kuwa ɗan kaɗan.

Bayan gyara, a zuba man babur mai tambarin JASO MA, irin su 20W-50, domin wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. A auna da geji babur yana tsaye cak a wuri mai daidai, kada a wuce layin sama. A kunna na 'yan mintuna, a kashe, a shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwana. In an wayi gari da ɗigo, washa za a fara canzawa, ba sifana za a ɗauko ba.