Tsara Wayoyi a Kabad ɗin Na'urorin Gida: Abin da Ya Kamata Mai Zuba Jari Ya Sani

A manyan gidaje da otal-otal da ake ginawa a Abuja da Legas da sauran biranen ƙasar nan, ana ƙara samun masu son sarrafa fitilu da kyamarorin tsaro da ƙofofi da na'urorin sanyaya ɗaki daga wayar hannu. Galibi hankalin mai gida yakan tafi ga tsadar na'urorin, alhali ingancin aikin ya dogara ne ga wayoyin da suka haɗa su. Na'ura in ta lalace ana musanya ta cikin yini ɗaya. Wayar da aka binne a bango kuwa, sai an fasa gini kafin a kai gare ta.

Dukkan wayoyin suna taruwa ne a wani kabad na ƙarfe da 'yan kasuwa ke kira rak. Faɗinsa na ƙa'ida inci 19 ne, kuma ana auna tsayinsa da ma'aunin U, wanda kowane ɗaya yake daidai da milimita 44.45. Yana da kyau a sayi wanda zai bar sarari bayan an jera kayan, domin iska ta zagaya, kuma a sami wurin ƙari nan gaba.

Abu na farko shi ne asalin wayar. Wayar sadarwa irin Cat6 ta ƙwarai zallar jan ƙarfe ce. Akwai kuma mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na lantarkin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, kuma yana saurin karyewa. Wannan ya zama matsala babba tun da aka fara tura wuta ga na'urori ta cikin wayar sadarwa: ƙa'idar 2003 ta ba da wat 15.4, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 kuma ta kai wat 90. Waya maras kyau takan yi zafi, kyamarar da ke nesa kuma ta riƙa ɗaukewa. Gwajin mai sauƙi ne: a kankare bakin wayar da wuƙa, in cikinta fari ne, to alminiyam ce.

Na biyu shi ne tsawo da lanƙwasa. Ƙa'ida ta iyakance kowane layi ga mita 100, wato mita 90 a cikin gini da mita 10 na gajerun wayoyin haɗi. Ba a lanƙwasa wayar kamar gwiwar hannu, ba a kuma matse ta da maɗaurin roba har ta lotsa, domin murɗin da ke cikinta shi ne ke kare saƙo daga hayaniya. Maɗauri mai mannewa ya fi dacewa, tun da ana iya kwance shi a mayar.

Na uku shi ne rabuwa. Wayoyin wutar gida, mai ƙarfin bolt 230, su bi gefe ɗaya na kabad, na sadarwa su bi ɗaya gefen, kowanne da bututunsa. Inda dole su haɗu, su gitta juna kai tsaye, kada su yi tafiya a jere. Wayoyin da suka fito daga ɗakuna su ƙare a allon haɗi, daga nan gajerun wayoyi su kai ga na'urori, a kuma bar ɗan rara a baya saboda gyara.

Har ila yau, yanayin ƙasarmu yana da nasa sharuɗɗan. Sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta da inbata, da kuma tsawa a lokacin damina, suna ƙona na'urori. Saboda haka wajibi ne a haɗa jikin kabad da wayar ƙasa, a sanya na'urar kariya daga hauhawar wuta, da batirin da zai riƙe kayan a lokacin sauyi. Zafi da ƙurar hunturu kuma suna buƙatar fanka da shara a kai a kai. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ce ke duba ingancin aikin lantarki tare da ba masu aikin takardar shaida, hukumar SON kuma ke kula da ingancin kaya.

Daga ƙarshe, kowace waya a rubuta mata lamba a bakinta biyu, a kuma ajiye taswirar da ke nuna inda ta nufa. In babu wannan, mai gida ya zama fursunan ma'aikacin da ya yi aikin, domin wani ba zai gane kan wayoyin ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a kuma biya shi ladan kwanakin. Don haka ya dace a rubuta cikin yarjejeniyar kwangila cewa ba za a biya cikon kuɗi ba sai an gwada kowane layi, an miƙa sakamakon gwajin tare da taswirar.