Kafin a ce a yi wa Baba allurar barci

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a garuruwanmu na Kankia da Kusada. Da zarar dattijo ya fara fizge-fizge, yana zagi, yana kai wa masu jinyarsa duka, sai a aiki yaro kemis ya sayo Valium ko Largactil. In kuwa a gadon asibiti yake, sai 'ya'ya su tasa ma'aikacin jinya gaba: "Malam, don Allah a yi masa allura ya yi barci, mu ma mu huta." Ashe hutunku kuke nema, ba lafiyar Baba ba!

Jama'a, tsohon da ya kwana da hankalinsa garau, ya wayi gari bai gane 'ya'yansa ba, ba gigin tsufa ke damunsa ba. Gigin tsufa sannu a hankali yake shigowa, wata da watanni. Ruɗewar dare ɗaya galibi daga jiki take: zazzaɓin cizon sauro, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki da zafin bazara, ko cushewar ciki. Ko wanda ya daɗe da taɓin hankali, in ya canza kwatsam, jikinsa ake fara dubawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sha'anin fitsari. Tsofaffi maza da yawa na fama da riƙewarsa, amma wane dattijo ne zai buɗe baki ya gaya wa 'yarsa ko surukarsa? Kunya ta hana shi magana, mara ta cika ta yi tauri, azaba ta sa ya buge duk wanda ya taɓa shi. Maimakon a zura masa roba fitsarin ya fita, sai a ɗura masa Largactil, maganin da shi kansa yake ƙara riƙe fitsari, ya kuma saukar da jini har tsoho ya yanke jiki ya faɗi. Valium kuwa daɗewa yake a jikin tsoho, ya bar shi yana tangaɗi, yana ƙwarewa da kunu. Tun 2005 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu magungunan taɓin hankali na ƙara haɗarin mutuwa ga masu gigin tsufa.

Don haka a naɗa ɗa namiji ko ƙane ya keɓe da dattijon, ya tambaye shi yaushe rabonsa da fitsari da bayan gida, ya shafa mararsa. A lura da ruwan da ya sha da inda yake jin ciwo. A rage cincirindon 'yan dubiya, a bar masa fitila da dare, kada kuma a ɗaure shi. A kwashi duk magungunan da yake sha, har na gargajiya, a kai shi Babban Asibitin Kankia ko asibiti mafi kusa, a faɗa wa likita ranar da abin ya soma.

Allura tana da ranarta, idan zai ji wa kansa ko wani rauni. Amma wannan hukuncin likita ne bayan ya duba, ba na mai kemis ba, ba kuma na ɗan da barci ya dame shi ba.